Araha Ba Ta Ado: A Kula Da Irin Faifan Da Ake Damƙa Wa Amana

 Na san wani zai ga kan wannan rubutu ya yi murmushi, ya ce wai har yanzu akwai mai maganar faifan CD, a wannan zamani da yaro ƙarami ke yawo da waƙa dubu cikin salula? Ina roƙon mai wannan tunani ya daure ya shiga ɗakinsa, ya jawo tsohon akwati ko kwalin da ke ƙarƙashin gado. Ba zai rasa faifai biyar ko goma ba: na ɗaurin aurensa, na sunan ɗansa na fari, na tafsirin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, na hotunan aikin hajjin mahaifiyarsa. Bayan wannan, har gobe akwai masu sayen fankon faifai, wato wanda ba a zuba wa kome ba, su naɗi abin da suke so a gida. Akwai direbobin da motarsu faifai kawai take karɓa, akwai ɗaliban da ake neman su haɗa da faifai in za su ajiye kundin ƙare karatu, akwai masu ɗaukar hoton biki, akwai mu ma'aikatan gidajen radiyo. Da waɗannan nike magana, kuma abin da zan faɗa na koye shi ne da hasara.

A shekarar 2013, ina sabon shiga aikin radiyo, aka tura ni wani ƙauye domin in ɗauko muryar wani dattijo da ya san tarihin kafuwar garinsu, da jerin sarakunansu, da shekarun yunwa da ya gani da idonsa. Mun yi wuni biyu ƙarƙashin wata bishiyar bedi, yana magana ina naɗa. Da na koma gari, na zuba hirar cikin kwamfutar aiki, na aiki yaro kasuwa ya sayo mini faifai, na ce ya nemo mai araha. Na zuba hirar a faifai biyu, na rubuta sunan tsohon da bik, na jefa su cikin durowa, sannan na share katin na'urar domin wani aikin. Shekara ta zagayo kwamfutar nan ta mutu da duk abin da ke cikinta, amma ban damu ba, tunda ina da faifai.

Shekara shida bayan haka Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Babban ɗansa ya yi takanas ya same ni, ya ce, «Ɗana, an ce muryar baba tana wurinka. Jikokinsa muke so su ji.» Na ce, «Baba, ai wannan mai sauƙi ne, ku dawo gobe.» Da dare na buɗe durowa. Faifai na farko bayansa ya ɗaye kamar fatar albasa, ana hango hasken fitila ta cikinsa. Na biyu ya yi kyau a ido, amma kwamfuta ta yi ta gurnani ta ƙi buɗe shi. Na kai shi wurin masu gyara uku, abin da aka ceto bai kai minti goma ba. Ban manta fuskar mutumen nan ba ranar da na gaya masa. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya sa takalminsa ya tafi. Bambancin kuɗin da ke tsakanin faifan da na sayo da faifan kirki bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Yadda faifan yake

Domin a gane inda matsalar take, sai an san abin da ke cikin faifan. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982. Wancan na asali, irin wanda ake sayo da waƙa a cikinsa daga masana'anta, buga shi ake yi da inji kamar yadda ake buga hatimi. Wanda muke zuba wa abu a gida, mai suna CD-R, daban yake, kuma wani kamfanin Japan mai suna Taiyo Yuden ne ya samar da shi a 1988. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1 da ɗigo 2, yana ɗaukar mega 700 ko murya ta minti 80. Kusan duk kaurin nan roba ce mai haske. A bisa robar akwai wani rini siriri, a bisa rinin akwai shafen ƙarfe mai ƙyalli, azurfa ko zinariya, sannan aka rufe da wani shafe mai kama da man goge katako, wanda a kansa ake buga sunan kamfani.

In ka sa faifai a kwamfuta ka ce ta zuba, hasken leza ne ke bi yana ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin nan, daga tsakiya zuwa baki. Waɗannan ɗigon su ne muryar mahaifinka, su ne hoton aurenka. To, duk wanda ya taɓa shanya shuɗi a rana ya san halin rini: zafi da haske suna cinye shi. In rinin ba na kirki ba ne, ɗigon za su koɗe a hankali har kwamfuta ta kasa bambance su. In shafen sama ya yi siriri ko bai rufe baki da kyau ba, iska da laima za su shiga su ci azurfar. Faifan da muka ɗauka kamar dutse ne, ashe ya fi kama da rubutun tawada a allo.

Rini iri uku ake amfani da shi. Akwai sayanin, wanda shi ne na farko, mai sa cikin faifai ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Akwai azo, na kamfanin Mitsubishi da aka sani a faifan Verbatim, mai shuɗi sosai. Akwai kuma fitalosayanin, wanda kusan ba shi da launi, shi ne kuma ya fi jure haske da zafi. Cibiyar adana kayan tarihi ta ƙasar Kanada ta ƙiyasta cewa faifai mai wannan rini na uku da shafen zinariya zai iya wuce shekara 100, mai shafen azurfa shekara 50 zuwa 100, mai sayanin ko azo kuwa shekara 20 zuwa 50. Sai dai a lura, wannan lissafi na faifan da aka yi da kyau ne, aka kuma ajiye shi a ɗaki mai sanyi. Ba a yi shi da zafin watan Afrilu na Tawa ko Damagaram ba, inda ma'auni ke haura 40 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano. A wurinmu dole a rage waɗannan shekaru, faifan banza kuwa ba ya ma cikin lissafin.

Sunan da ke bisa faifai

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne dogara da sunan da aka buga a bayan faifai. Kamfanoni da dama da sunansu ke kan kwali ba su da masana'antar faifai ko guda. Sari suke yi daga wasu 'yan masana'antu kaɗan, mafi yawa a Taiwan, irin su CMC Magnetics da Ritek, su buga sunansu. Shi ya sa za ka sayi suna guda bana ka ji daɗinsa, baɗi ka sake sayen sunan nan ka samu wani abu daban. Kasuwar ma ta canza ƙwarai. Taiyo Yuden, wanda masu sana'a ke ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi, ya daina yin faifai a ƙarshen 2015, fasaharsa ta koma hannun CMC, wanda ke fitar da ita da sunan CMC Pro. A 2019 kuma Mitsubishi ya sanar da sayar da Verbatim ga wannan kamfani na CMC. Saboda haka wanda ya ce maka yana da sabon Taiyo Yuden ɗan Japan, ko dai tsohon ajiya ne, ko kuma ka yi hattara.

Akwai hanyar gane gaskiya. Kowane fankon faifai yana ɗauke da wata alama da masana'anta ta sa a cikinsa, wadda ido ba ya gani amma kwamfuta na karantawa. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, tana nuna sunan masana'antar da zarar ka sa faifan. Ko wannan ma masu jabu sun taɓa kwaikwayonsa, amma duk da haka ya fi dogara da fentin kwali nesa ba kusa ba.

In ka shiga kasuwa

Ko babbar kasuwar Maraɗi ka shiga, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ta Yamai, ga abin da nike ba abokaina shawara.

Da farko dubi inda mai kaya ya ajiye su. Faifan da ya wuni a tebur bakin hanya, rana na dukansa, ƙura na hawansa, ya fara tsufa tun ba a zuba masa kome ba. Nemi mai shago da ke ajiye su a inuwa, cikin ledarsu ta asali da ba a farke ba. Guji wanda ake ƙirgo maka ɗaya-ɗaya daga buɗaɗɗen tsibi, kowa ya zo ya taɓa.

Na biyu, kada ka sayi tsibi mai 50 ko 100 sai ka jarraba. Sayi biyu ko uku, ka je gida ka zuba musu abu, ka gwada su a kwamfuta, a mota, da kuma tsohuwar na'urar gida. In sun yi, ka koma wurin mutumen nan ka sayi irinsu daga kwali guda.

Na uku, ɗaga faifan ka dubi haske ta cikinsa. In ka ga ƙananan huji kamar an soka allura, ko wani wuri ya fi wani duhu, ko rinin ya yi dabbare-dabbare wajen baki, ajiye shi. Shafa bakinsa da yatsa: na kirki sumul yake, ba kaushi, ba danƙo. Bayansa kuma, wanda ke da ƙarin shafe mai kauri, kamar farin nan da ake iya buga rubutu a kai, ya fi wanda ƙyallin azurfa ke tsirara.

Na huɗu, kada launi ya ruɗe ka. Fentin ruwan zinariya a bayan faifai ba zinariya ba ne, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Faifan zinariya na gaskiya yana da tsada, kuma ana rubuta hakan a kwalinsa. Haka faifai baƙi ko ja ko mai zanen tsohon faifan garmaho, ado ne kawai.

Na biyar, bambance CD-R da CD-RW. Na biyun, wanda ya fito a 1997, ana iya share shi a sake zubawa, don haka ya dace da aikin yau da gobe. Amma ƙyallinsa bai kai na CD-R ba, shi ya sa tsofaffin na'urori da motoci da yawa ba sa karanta shi, kuma abin da ake iya sharewa bai dace da ajiyar tarihi ba. Akwai kuma wanda aka rubuta wa cewa na kiɗa ne musamman, ana tsauwala kuɗinsa. Wannan an yi shi ne domin wasu na'urorin naɗa na falo da ba sa karɓar wani iri. A kwamfuta bai fi sauran daɗin murya ba ko kaɗan. Haka masu cewa suna ɗaukar minti 90 ko 99, sun fita daga ƙa'ida, na'urori da yawa na tuntuɓe da su.

Zubawa da ajiya

Faifan kirki ma hannun gaggawa na ɓata shi. Za ka ga an rubuta 52x a jikinsa, wato iyakar gudun da yake iya ɗauka, inda yake juyawa fiye da sau dubu 10 a minti guda. Ba dole ba ne ka kai shi can. Sauri ya haifi nawa. Zaɓi tsaka-tsaki, kamar 16x ko 24x. Kada kuma ka ce za ka koma can ƙasa ƙwarai, domin faifan yanzu ba a yi su don gudun kunkuru ba. Kada ka cika shi maƙil, ka bar masa ɗan fili, saboda bakin faifai ne ke fara lalacewa kuma nan ne ƙarshen abin da ka zuba yake. In kana tsoron ɗaukewar kuran, yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken batir, tunda faifan da wuta ta yanke wa aiki a tsakiya ya tashi daga aiki. Ka umarci manhajar ta rufe faifan in ta gama, ta kuma sake karanta shi ta gwada da na asali. Wannan minti uku da mutane ke ƙyashi, shi ne kawai shaidarka cewa abin ya zauna.

Ga 'yan uwana ma'aikatan radiyo ina da ƙarin bayani. In don ajiya ne, ku zuba murya a matsayin fayil, kamar yadda ake zuba takardu, maimakon tsarin faifan waƙa. Tsarin fayil yana da ƙarin kariya ta gyaran kuskure wadda tsarin waƙa ba shi da ita. Na saurare a mota daban, na ajiya daban.

Wajen rubutu, abin da na yi da bik shi ne babban laifina. Mutane na lallaɓa cikin faifai suna sakaci da bayansa, alhali abin da aka zuba yana dab da bayan ne, ƙarƙashin shafen da bai kai kaurin gashi ba. Ƙarzuwar ciki sau da yawa ana iya goge ta, ta baya kuwa ta tafi da abin da ke wurin har abada. A yi rubutu da alƙalami mai taushin baki da aka yi domin faifai, in da hali a ɗan da'irar tsakiya mai haske inda babu kome. Kada a manna takarda ko salatif. A riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. In ya yi ƙura, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. A sa kowane cikin gidansa, a jera su tsaye kamar littattafai, a ɗakin da ya fi kowane sanyi da duhu a gidan. Ɗakin ƙasa na kakanninmu ya fi ɗakin kwano a wannan aiki. Gaban gilashin mota kuwa maƙabartar faifai ce.

Masu cewa a bar faifai

Wani zai ce duk wannan wahala ta mene ce, ga kile, ga katin salula, ga intanet? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sababbin kwamfutoci da yawa ba su ma zuwa da wurin sa faifai, kuma na'urar karanta shi za ta ƙara wuya nan gaba. Amma mu tambayi kanmu, salula nawa aka sace ko ta faɗa ruwa da hotunan iyali a ciki? Kile nawa ƙwayar cutar kwamfuta ta cinye a shagon buga takardu? Kati da kile suna riƙe abu ne da ɗan cajin lantarki, wanda ke zurarewa in an yi shekaru ba a jona su ba, musamman a zafi. Faifan CD-R da aka rufe kuwa ba mai iya share shi bisa kuskure, ƙwayar cuta ba ta shiga, yaro ba ya danna wani wuri ya goge shi. Kowane yana da ranarsa, kowane yana da aibinsa.

Saboda haka ni ban ce a dogara da faifai shi kaɗai ba, ko da na zinariya ne. Tun a 2006 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana jan kunnen masu adana tarihi game da haɗarin dogara da irin waɗannan faifai. Abin da ya dace shi ne duk abin da ba ka iya sake samu, ka yi masa kwafi uku: biyu a faifan kirki daga masana'anta daban-daban, ɗaya a wata ma'ajiya ta daban, sannan ka kai ɗaya gidan wani ɗan uwa, domin gobara da ambaliya ba sa sallama. Duk shekara biyu ko uku ka fito da su ka gwada. Ni da na yi faifai biyu daga tsibi guda na ajiye su a durowa guda, ashe kwafi ɗaya na yi.

Kira

Ina kira ga 'yan kasuwarmu masu shigo da wannan kaya, ku ji tsoron Allah ku gaya wa mai saye gaskiya. In mutum ya ce na biki ne zai raba wa jama'a su saurara su yar, ba laifi ku ba shi mai araha. In ya ce karatun mahaifinsa zai ajiye, ku nuna masa na kirki, ko ku ce babu. Riba kaɗan ba ta kai alhakin abin da zai rasa ba.

Ina kira ga shugabannin gidajen radiyo, na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara. A ɗakunan ajiyarku akwai muryoyin malamai, da sarakuna, da makaɗa, da tsofaffin da suka ga zamanin Turawa. Irin su Malam Mamman Barka, da ya rasu a 2018, ba za su sake zama gaban makirfo ba. Wasu daga cikin abubuwan da aka naɗa daga shekarun 2000 suna kan faifan da aka sayo don araha, kuma shekara ashirin ta riga ta cika wa wasunsu. Ku ware mutum guda da kwamfuta guda, a bi su ɗaya bayan ɗaya a kwashe abin da ya rage. Muna da cibiyoyi a Yamai irin su IRSH da CELHTO da aikinsu ya shafi adana tarihin baka, a nemi shawararsu. Ina kuma tunatar da kowa cewa wannan nasiha don ajiye abin da ke naka ce. Kwafar aikin mawaƙi ko ɗan wasa a sayar ba da izninsa ba cin haƙƙi ne, kowane irin faifai aka yi amfani da shi.

A ƙarshe, kai mai karatu, kada ka bari sai an zo neman abu sannan ka buɗe akwati. A wannan mako ka fito da faifan nan, ka nemi mai kwamfutar da ke karanta su, wanda ya buɗe ka kwafe shi nan take, wanda ya fara gardama ka fara da shi. Da na sani ƙeya ce, ni na ɗanɗana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana, amin.